Ku Tambayi Lauya: Kaya a Kan Teku, Rigima a Kan Takarda

Wasiƙun wannan mako sun karkata ne ga harkar jiragen ruwa da shari'ar da ke tsallake iyakar ƙasa. Na zaɓi guda huɗu, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na sayi kwantena ɗaya ta yadi daga wani kamfani a Gwanzu, na biya kuɗina lakadan. Da aka buɗe ta a Apapa sai aka tarar ruwa ya shiga, kusan rubu'in dilolin sun yi fumfuna. Kamfanin ya ce babu ruwansa, ya kuma nuna mini wani layi a takardar cinikinmu da ke cewa duk saɓanin da ya taso za a kai shi gaban masu raba gardama a ƙasar Sin. Shin zan iya maka su a kotu a nan Kano? (Wani Alhaji, Kano)

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kafin mu kai ga maganar kotu, sai mun gano wanda asarar ta rataya a wuyansa, domin mutum uku ne a cikin lamarin: wanda ya sayar maka, kamfanin jirgin da ya ɗauko kayan, da kamfanin inshora. Ɗauko takardar cinikin ka duba kusa da farashi, za ka ga wasu haruffa uku, galibi FOB ko CFR ko CIF. Waɗannan ƙa'idoji ne da Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris take fitarwa, kuma a ƙarƙashin dukkan ukun haɗarin kaya yana komawa kan mai saye ne tun daga lokacin da aka ɗora su a jirgi a tashar da suka taso. Saboda haka idan yadin ya hau jirgi lafiya lau, maganar kamfanin tana kan hanya, ko da kuwa ba ta yi maka daɗi ba. Idan kuma tun a can aka cusa shi da danshi, ko aka yi masa ɗaurin banza, to alhakin yana kansu.

Wanda zai warware wannan shi ne ƙwararren mai duba ɓarnar kaya, kuma aikinsa abin kallo ne. Yakan shiga cikin kwantenar ya sa a rufe ƙofa, ya tsaya cikin duhu yana ɗaga kai. Duk inda haske ya ratso, nan ne hudar da ruwa ya bi. Yakan kuma ɗiga wani sinadari a kan jiƙaƙƙen yadin domin ya gane ruwan gishiri ne ko ruwan sama. Ruwan gishiri yana nuna yatsa ga jirgi. Rahoton wannan mutumin ya fi doguwar wasiƙar lauya amfani, kuma ina fatan ba ka riga ka kwashe kayan ka rarraba wa shaguna kafin a kira shi ba.

Idan laifin jirgi ne, takardar da za ta yi maka magana ita ce shaidar ɗaukar kaya da kamfanin jirgin ya bayar, wadda masu kiliyarin ke kira bil. Abu na farko, sunanka ne a kanta? Da yawa daga 'yan kasuwarmu karo-karo suke yi su haɗa kwantena ɗaya da sunan wani wakili, kuma a idon doka wannan wakilin ne ke da bakin magana da kamfanin jirgi. Abu na biyu shi ne lokaci. Najeriya ta shigar da Ƙa'idojin Hamburg na 1978 kan ɗaukar kaya ta teku cikin dokokinta a 2005, kuma sun ba da shekara biyu a shigar da ƙara, amma tsofaffin Ƙa'idojin Hague na 1924, waɗanda kamfanonin jiragen ruwa suka fi son rubutawa a bayan bil, shekara ɗaya rak suka bayar. Ni ina ba wa duk wanda ya zo wurina shawara ya ɗauka shekara ɗaya gare shi, ya kuma aika wa kamfanin takardar koke a rubuce cikin kwana uku da karɓar kaya. Diyyar ma tana da iyaka, ana lissafa ta ne bisa nauyi ko bisa yawan ƙunshi. Shi ya sa bil da ta ce "kwantena ɗaya" kawai take cutar da mai kaya, alhali wadda ta zayyana adadin dilolin da ke ciki takan sa a ƙirga kowace dila a matsayin ƙunshi mai zaman kansa.

Irin wannan ƙara ba ta Babbar Kotun Jiha ba ce. Tsarin mulkin 1999 da dokar hurumin shari'ar teku ta 1991 sun damƙa ta a hannun Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da ikon tsare jirgi a tashar ruwa har sai masu shi sun ajiye jingina. Babu abin da ke sa kamfanin jirgi ya ɗaga waya da gaggawa kamar labarin an tsare masa jirgi.

Yanzu sai layin nan da aka nuna maka. Mutanenmu sukan rikita shi da sulhu, alhali sun bambanta. A sulhu, dattijo yana lallashin ɓangarori ne su hangi juna, kuma kowa na iya tashi ya kaɗe rigarsa. Wannan kuwa shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira tahkimi, wato ku da kanku kun amince wani mutum ko mutum uku su saurari hujjojinku su yanke hukunci, hukuncin kuma ya hau kanku dole. Da ka sa hannu a takardar, ka ɗaure kanka. Idan ka kai mai sayar da kayan kotu a Kano, lauyansa zai miƙe ya nuna wannan layin, kuma dokar tahkimi da sulhu ta 2023 ta umarci alƙali ya mayar da ku inda kuka yi alkawarin zuwa. Sai dai layin bai shafi kamfanin jirgi ko na inshora ba, domin su ba sa cikin wancan ciniki.

Tahkimi yana da alherinsa, kada ka yi masa kallon tarko zalla. Hukuncin kotun Kano da wuya ya taɓa asusun wani kamfani a Gwanzu. Hukuncin tahkimi kuwa yana da Yarjejeniyar New York ta 1958 a bayansa, wadda ƙasashe fiye da 170 suka shiga, har da Najeriya da Nijar da Sin, kuma kotunan kowace daga cikinsu sun ɗauki alkawarin zartar da shi. Matsalar ita ce tsada: kuɗin cibiyar, kuɗin masu hukunci, lauya a can, da tafinta. A kan rubu'in kwantena ɗaya, ana iya kashe abin da ya fi asarar. Don haka fara da takardar inshorar da ka haɗa lokacin buɗe Fom M, wato takardar shigo da kaya, a banki. Abin takaici, yawancinmu mafi arha muke saya don kawai a cika sharaɗi, kuma mafi arhar ba ta biyan ɓarnar shigar ruwan teku cikin kwantena. Kai ta wurin lauya ya karanta maka ajin da ka saya.

Tambaya: Na ji an ce wani kamfanin waje ya kusa karɓe wa Najeriya dala biliyan 11 a Landan alhali bai aza ko bulo ɗaya ba. Ta yaya mutum uku da ba alƙalan kotu ba za su ci ƙasa guda irin wannan tara? (Wata malamar makaranta, Zariya)

Amsa: Malama, labarin da kika ji gaskiya ne, shi ne shari'ar kamfanin P&ID. A watan Janairun 2010 Ma'aikatar Albarkatun Man Fetur ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin: gwamnati ta kawo iskar gas, shi kuma ya gina masana'antar tace ta a Kalaba. Gas bai zo ba, masana'anta ba ta tashi ba. Da yake yarjejeniyar ta tanadi tahkimi, kamfanin ya kira zama a 2012, kuma a Janairun 2017 masu hukuncin, da rinjayen biyu cikin uku, suka ba shi dala biliyan 6.6 a matsayin ribar da zai samu da an cika alkawari, da kuɗin ruwa kashi 7 cikin 100 a shekara. Kuɗin ruwan ne ya kumbura adadin har ya haura biliyan 11.

Ikon mutum ukun ya fito ne daga sa hannun gwamnati. Ƙasa idan ta shiga kasuwa ta yi ciniki, doka tana ɗaukar ta kamar kowane ɗan kasuwa, ba za ta fake da rigar mulki ba. Kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin tahkimi don kawai ana ganin masu hukuncin sun yi kuskure. Ƙofar da aka bari ƙarama ce, ta zamba da tauye haƙƙin sauraro da makamantansu. Ta wannan ƙofar Najeriya ta bi. A ranar 23 ga Oktoban 2023 Mai Shari'a Robin Knowles na Babbar Kotun Landan ya yanke cewa an samu hukuncin ne ta hanyar zamba, bayan ya gamsu cewa an ba wa wata jami'ar ma'aikatar cin hanci, an ɓoye hakan ga masu hukuncin, kuma kamfanin ya riƙa samun takardun sirri na lauyoyin Najeriya ana tsaka da shari'a. A ganina bai kamata murnar nasarar ta rufe mana ido ba, domin alƙalin bai wanke namu jami'an ba, kuma a zaman farko kariyar da aka yi wa ƙasar ba ta kai girman kuɗin da ake magana a kai ba.

Tambaya: Maître, tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar kayana suka maƙale a Kwatano wata da watanni, kuɗin jinkirin kwantena ya kusa cinye jarina. An ce ƙasar da ba ta da teku tana da haƙƙin wucewa da kayanta. Zan iya kai ƙara Kotun Duniya? (Wani Elhaji, Maraɗi)

Amsa: Elhaji, haƙƙin yana nan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982, a sashe na 125, ta ba ƙasashen da ba su da gaɓar teku 'yancin wucewa da kayansu ta ƙasar maƙwabta. Amma sashen ya bar tsarin wucewar ga yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, kuma haƙƙin na ƙasa ne, ba na ɗan kasuwa ba. Kotun Duniya da ke Hague ƙasashe kaɗai take saurara, su ma sai sun amince da huruminta. Nijar da Benin sun taɓa zuwa can bisa yardar juna a kan iyakar kogi, inda a 2005 kotun ta ba Nijar tsibirin Lete. Kai kuwa ko takardarka ba za a karɓa ba. A ƙara da cewa bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ce da kanta ta ci gaba da rufe nata ɓangaren na gadar Gaya da Malanbil, abin da ya sa zancen wa ya tauye wa ya ƙara cakuɗewa.

Inda kake da ƙafar tsayawa shi ne kwangilolinka. Duba yarjejeniyarka da wakilin fitar da kaya da mai mota, ka ga me ta ce game da abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, kamar rufe iyaka. Nijar da Benin duka suna cikin ƙungiyar OHADA, mai dokokin kasuwanci iri ɗaya ga ƙasashe 17, da babbar kotunta a Abijan wadda ita ma take shirya tahkimi. Shi kuwa kuɗin jinkiri, a sanina ya fi raguwa a kan teburin ciniki da ofishin kamfanin jirgin, musamman idan masu kaya da yawa suka tafi da murya ɗaya ta hannun ƙungiyarsu.

Tambaya: Ina ajin ƙarshe a fannin shari'a, kuma ina sha'awar wannan layi. Ta ina zan fara? (Wata ɗaliba, Sakkwato)

Amsa: 'Yata, ki riƙe dokar kwangila da kyau, domin ita ce gindin shari'ar teku da tahkimi baki ɗaya, sannan ki koyi Faransanci tun da wuri. Bayan Makarantar Horar da Lauyoyi, ki nemi ofishin da ke irin wannan aiki, kuma mafi yawansu a Legas da Fatakwal suke, kusa da tashoshin ruwa. Kada nisan teku ya karya miki gwiwa, tun da akwai tashoshin tsandauri a Kaduna da Kano, kuma masu kayan da ke cikin kwantenonin da yawansu mutanenmu ne. Taslim Elias ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985, don haka ɗan Najeriya ya taɓa kaiwa ƙololuwar fagen. Sai dai aikin da za a fara ba ki ba shi da armashi. Za a turo miki rajistar zaman wani jirgi a tasha, shafi bayan shafi, ki zauna da biro kina ware awannin da ruwan sama ya tsayar da sauke kaya daga awannin da injin ɗaga kaya ya lalace, saboda kowace awa tana da farashinta kuma wani ne zai biya.