Abokin da zan haɗa jari da shi ɗan "gwamnati ta cire hannunta" ne: in bi shawararsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston ta jihar Teksas, ina shigo da kayan kicin daga Chaina ina sayar wa masu shaguna a sari. Ma'aikatana shida. Wani Ba'amurke mai sito a kusa da nawa yana so mu haɗa jari. Mutumin kirki ne, amma ɗan ra'ayin riƙau ne irin waɗanda ke cewa gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa, haraji sata ne, dala kuma takarda ce kawai. Ya ce in mayar da rabin ajiyata, dala 80,000, zuwa zinari, mu ba wani ɗan takara gudummawa, mu kuma liƙa takardar yaƙi da zubar da ciki a ƙofar sito. Ni ma ba na goyon bayan zubar da ciki. In bi shi?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu uku ya ɗora maka a faranti ɗaya, kuma don ka yarda da shi a kan guda, zuciyarka na son ta haɗiye sauran biyun ba tauna. A nan nake so ka dakata.

Mutanen nan ba shirme suke yi ba, ka san wannan tukuna. Tunaninsu yana da malamai, irin su Friedrich Hayek da Milton Friedman, waɗanda suka karɓi lambar Nobel a fannin tattalin arziki, na farko a 1974, na biyu a 1976. Ainihin maganarsu ita ce farashi saƙo ne da ke gaya wa mai saye da mai sayarwa abin da ya yi ƙaranci da abin da ya yi yawa, kuma jami'in da ke zaune a ofis ba zai taɓa sanin abin da miliyoyin masu ciniki suka sani ba. Duk wanda ya taɓa riƙe kaya ya ga kasuwa ta juya masa baya ya san akwai gaskiya a ciki. Inda suka fi burge ni shi ne batun lasisi. A Teksas ɗin da kake, an taɓa kama wata mai kitso a Dallas, Isis Brantley, a 1997 saboda tana yi wa mata kitso ba ta da lasisin gyaran gashi. Lauyoyi masu wannan ra'ayi ne suka tsaya mata a shari'ar da ta yi daga baya, kuma a 2015 jihar ta cire kitso daga sana'o'in da ke buƙatar lasisi. Ƙaramin ɗan kasuwa, balle baƙo, shi ne dokoki irin waɗannan suka fi danne wa wuya, domin babban kamfani yana da lauyoyin da za su cike masa takardu.

Amma ra'ayi daban, littafin lissafi daban. Mu ɗauki zinarin, tunda shi ne zai iya karya ka.

Hujjarsa na san ta. A watan Agusta na 1971 Shugaba Nixon ya raba dala da zinari, lokacin oza ɗaya ta zinari tana dala 35 a hukumance. Daga nan darajar dala ta yi ta zaizayewa, kuma kai da kanka ka ɗanɗana a 2022, da hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yuni, abin da ba a gani ba cikin shekara arba'in. A 2025 oza ta haura dala 4,000. Idan ya jero maka waɗannan, sai ka ji kamar kai ne wawan da ya ajiye kuɗi a banki. Abin da ba zai jero maka ba shi ne wanda ya sayi zinari a Janairun 1980 a kan dala 850. Farashin ya gangaro har ƙasa da dala 300 a ƙarshen shekarun 1990, kuma sai a 2008 ya sake ganin kuɗinsa. Shekara ashirin da takwas ke nan, ba tare da an cire abin da hauhawar farashi ta ci ba. Mai ajiyar tsufa zai iya jira. Kai ba za ka iya ba, domin kuɗin da ka kira ajiya jarin juyi ne. Kwantena za ta iso tashar jirgi, kwastan za su nemi nasu da dala, ma'aikata shida za su jira albashi da dala, mai sito ma haka. Ranar da ka buƙaci tsabar kuɗi ba kai ne za ka zaɓi farashin zinari ba, kuma dillalin zinari yana saye ƙasa da yadda yake sayarwa, wato ka yi asara tun ranar da ka saya. In ranka ya biya, ka lissafa kuɗin tafiyar da harka na wata shida da kuɗin oda ta gaba, ka ware su a banki, inda gwamnatin tarayya ke ba da inshorar ajiya har dala 250,000. Abin da ya rage bayan haka, ɗan kaɗan daga ciki zai iya tafiya zinari. Ina zargin in ka yi lissafin da gaske, ba abin kirki zai rage ba.

Maganar haraji sata ne kuwa, ya faɗe ta a teburin cin abinci, ba laifi. Kada dai ta shiga littafinku. Hukumar IRS, mai karɓar harajin gwamnatin tarayya, ba ta muhawarar falsafa, kuma a haɗin jari sakacin abokinka yakan zama bashinka. Ka roƙe shi ya nuna wa akantanka takardun harajinsa na shekara uku. Mai ra'ayi na gaske yakan biya yana ƙorafi, irinsa ba matsala. Wanda ya fara kame-kame, ka gane.

Gudummawar ɗan takara ita ce ta ba ni dariya kaɗan. Kai mai shigo da kaya ne, abin da ya fi ci maka riba shi ne harajin fito, kuma kai ne ke biyansa a tashar jirgi, ba masana'antar Chaina ba. Malaman abokinka sun tsani harajin fito. Amma jam'iyyar Republican, wadda yawancin masu wannan ra'ayi ke zaɓa, ita ce ta ɗora kashi 25 cikin ɗari a kan kayan Chaina masu yawa tun daga 2018, gwamnatin Biden ta zo ta bar shi, sannan aka ƙara wasu a 2025. Sanata Rand Paul na Kentucky yana cikin 'yan tsirarun jam'iyyar da suka fito suka ce wannan haraji ne a kan Amurkawa. Gaskiya ne dokar haraji ta 2017 ta rage na kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, ta kuma ba ƙananan 'yan kasuwa damar cire kashi 20 daga ribar da ake yi wa haraji. Sai ka auna wanne ya fi nauyi a naka littafin. Ka tambayi ɗan takarar nan matsayinsa a kan harajin fito kafin ka yi wa rogo kallon kitse. Sannan abu mai muhimmanci: doka ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ba shi da takardar zama ta dindindin, ba da ko sisi ga yaƙin neman zaɓe. Ba ka gaya mini matsayin takardunka ba. In ka cancanta kuma kana so, ka bayar daga aljihunka da sunanka, ba daga asusun haɗin gwiwa ba.

Saura zubar da ciki. Su kansu masu wannan ra'ayi ba su daidaita a kai ba. Ron Paul, likitan haihuwa da ya daɗe yana wakiltar Teksas a majalisa, yana ganin ɗan tayi rai ne, kuma kare rai na cikin ayyuka ƙalilan da gwamnati ta cancanci yi. Barry Goldwater, wanda ya yi wa jam'iyyar takarar shugaban ƙasa a 1964 kuma ake ganinsa uban tafiyar, a ƙarshen rayuwarsa cewa ya yi wannan ba hurumin gwamnati ba ne. Tun da Kotun Ƙoli, a watan Yunin 2022, ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar, magana ta koma hannun jihohi. Teksas ta haramta kusan gaba ɗaya, amma a Kansas, jihar 'yan riƙau, kusan kashi 59 cikin ɗari na masu zaɓe sun ƙi amincewa da gyaran kundin tsarin mulkin jihar da zai buɗe ƙofar haramci. Masu shagunan da ke sari a wurinka haka suke a rabe, kuma ba za su yi maka gardama ba, lambar wani dillali kawai za su kira.

Ba na cewa ka ɓoye aƙidarka. Akwai 'yan kasuwar da suka zaɓi su bayyana tasu suka ɗauki asarar da ido buɗe, wannan haƙƙinsu ne. Amma ƙofar sito ta mutum biyu ce, kuma yau kun dace, gobe zai iya kawo takarda a kan baƙin haure ko wani yaƙi da kai ba ka yarda da shi ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Ku rubuta a yarjejeniya cewa ba a liƙa komai, ba a ba da gudummawa da sunan kamfani sai da sa hannun ku biyu. Ka sani kuma idan haɗewar ta kai ma'aikatanku 15, dokar tarayya ta hana wariya a wurin aiki ta hau kanku, kuma ta shafi yadda ake mu'amala da ma'aikaciya a kan juna biyu. Ka sa lauya ya duba wannan sashe, tare da sashen da ya fayyace yadda kowa zai fita da rabonsa in tafiya ta ƙi.