Sun Karɓe Ɗakin, Aikin Yana Nan

Ƙanena, na ji tambayarka ta jiya a bakin get, lokacin da muke jiran danfo. Ka ce: "Malam, an karɓe ɗakinmu na gyaran maganar yara an mai da shi aji, sabuwar shugabar makaranta ta ce mu riƙa bin yara cikin azuzuwa, amma na ga kana fara'a. Mene ne abin murna a nan?" Hayaniyar titin Agege ba ta bari na ba ka amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ni ma ina son ɗakin nan. Ni na kafa madubin da ke jikin bango, ni na liƙa hotunan kifi da kaza da keke. Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da shi. Ka tuna yaron nan ɗan shekara 7 da ke cewa "tare" idan yana nufin kare, "tifi" a maimakon kifi? Wata 3 muka yi da shi a gaban madubi, ina nuna masa yadda bayan harshe ke ɗagawa ya taɓa ganɗa, har ya zamana yana faɗin "kare" sau 20 a jere babu tuntuɓe. Ran nan ina wucewa lokacin tara, sai na ji shi gaban mai abinci yana cewa a sa masa "tifi". Abin da ya iya a ɗakina ya tsaya a ɗakina. Minti 30 muke samu da shi a mako, sauran kwanakin kuma yana cikin aji da gida da layi, inda babu mai tuna masa. Yanzu da za mu zauna a bayan aji, idan malama ta tambaye shi ya buɗe baki, ina kusa, ido kawai za mu haɗa ya gyara. Malamar ma za ta ga yadda ake yi, ta ci gaba da shi ranar da ba na nan.

Akwai kuma yaran da ba a taɓa turo mana ba, su ne suka fi damuna. Wanda ke da in'ina kowa na jin sa, mai tsamin baki ma haka. Amma yarinyar da ke zaune can baya kusa da taga, ba ta rigima, ba ta ɗaga hannu, sai a ce ai kunya ce. Shekarun baya na shiga wani aji neman alli, na ga wata yarinya tana kallon bakin malama ƙuri, ko ƙiftawa ba ta yi. Na koma bayanta na kira sunanta a hankali, shiru. Da uwarta ta zo, ta ce kunnen ya daɗe yana zubar da ruwa. Muka tura su asibitin koyarwa na Idi-Araba aka auna jinta, aka yi magani, aka dawo da ita bencin gaba. Da ina ɗakina, ba zan taɓa ganin ta ba. Ka riƙe wannan da kyau: duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri, kunne ake fara dubawa kafin a taɓa harshe.

Legas kuma gari ne na harsuna. Yaronmu yana Hausa a gida, Yarbanci da buroka a layi, Turanci a aji, Larabci a Islamiyya. Za ka ji malama ta ce wane ba ya iya bambanta "f" da "p", a gyara masa baki. To ai Hausa ba ta raba waɗannan biyun, kamar yadda Yarbanci ba shi da "z", shi ya sa ɗan Bayarabe ke kawo "s" a wurinta. Wannan gadon harshen uwa ne, lafiyar yaro ƙalau. Gwajin mai sauƙi ne: ka sa shi ya ba ka labari da Hausa. Idan yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ da ts daidai da sa'anninsa, bar shi, malamin Turanci zai ƙarasa. Iyaye ma za su tambaye ka ko yawan harsuna ne ya hana ɗansu magana. Ka ce musu a'a, kada su daina yi masa Hausa. Irin wannan bayanin a tsaye ake yin sa, a bakin aji ko wurin ɗaukar yara, kuma sabon tsarin nan can ya kai mu.

Game da in'ina, ka kwantar wa iyaye hankali da abin da aka sani. Yawanci tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, kusan yara 5 cikin 100 kan yi ta, galibinsu ta wuce, kusan 1 cikin 100 ne ke girma da ita, kuma ta fi yawa ga maza. Yankan linzami wurin wanzami ba ya warkar da ita. A aji, aikinka shi ne ka hana a ƙarasa wa yaro magana, ka hana dariya, ka koya wa malama ta jira shi ya kai ƙarshe da kansa.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da muka rasa. Gwajin farko yana bukatar wuri shiru, ba a yin sa cikin yara 50 da ƙarar janareta. Na je wurin shugabar na gaishe ta, na yi mata bayani, na roƙi lungun laburare safiya 2 a mako, ta amince. Ka lura, sai da na karɓi tsarinta hannu biyu sannan na kai bukatata. Da na shiga da ƙorafi, da wataƙila har yanzu muna ja-in-ja. Jihar nan ta yi dokar masu bukata ta musamman tun 2011, ta tarayya kuma aka sa mata hannu a Janairun 2019, kuma manufar ita ce yaran nan su yi karatu tare da 'yan'uwansu. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma wannan kiɗan na daɗe ina jiran sa.

Makon farko kada ka gyara wa kowa komai. Zauna a baya da littafinka, ka saurara, ka rubuta abin da yaro ya faɗa kamar yadda ya faɗe shi. Fayil ɗin bara ka karanta shi, amma kada ka dogara da shi, domin hutun Agusta yakan canza yaro: wani ya je Kano wurin kakarsa ya dawo da baki cike da magana, wani kuma ya koma baya. Ka koyi sunan kowace malama, ka gaishe ta kafin ka zauna, kada ka taɓa gyara mata a gaban ɗalibanta, ajin nata ne.

Ranar Litinin mu haɗu ƙarfe 7 a bakin get. Ka zo da ƙaramin madubin hannu da katunan hotunan nan a jakarka. Da aji 2 za mu fara, akwai wata yarinya da na gani ranar rajista, uwarta ce ke amsa duk tambayar da aka yi mata.