Me ya haɗa ƙwannafi da zugin haƙori?

Tambaya daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato: "Likita, ba ni da shan zaƙi, kuma ba na wasa da asuwaki. Amma haƙorana na gaba sai ƙara siriri suke yi, in ruwan ƙanƙara ya taɓa su sai zugi. Ina kuma fama da ƙwannafi, har nakan farka da tsami a baki. Ko akwai alaƙa?"

Amsa: Akwai, Malama, kuma wannan tsamin da kike farkawa da shi ne abin zargi na farko.

A ƙarshen maƙoshi, inda ya haɗu da tumbi, akwai wata tsoka mai kama da bakin zuge. Takan buɗe abinci ya wuce, ta sake tsukewa. Idan ta yi sako-sako, ruwan tsamin tumbi sai ya hauro. A ma'aunin pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi, ruwan nan yana tsakanin 1.5 da 3.5, shi kuwa farin rufin haƙori yana fara narkewa ne tun daga 5.5. Da rana yawu yana wanke baki yana kashe tsamin. Cikin barci yawu yakan ja baya sosai, ga ki a kwance, sai tsamin ya kwana a kan haƙora. Bayan haƙoran sama na gaba, ɓangaren da harshe ke taɓawa, shi ya fi cin wuya, wurin da madubi ba ya nuna miki. In rufin ya zaizaye, sai sanyi ya bi ƙananan kafofin da ke ƙarƙashinsa ya kai ga jijiya. Kuma rufin nan ba ya sake tsirowa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar asuwaki ko buroshi da zarar an ji tsami. A lokacin rufin ya yi laushi, gugar kankare shi take yi. Ki kurkure da ruwa, ki jira minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan ki goge a hankali da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid. Ki tofar da kumfar kawai, kada ki bi da ruwa. Gawayi da toka ki rabu da su.

Sai tushen matsalar. Ki bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Ki ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo kamar santimita 15 zuwa 20, tara matasai ba ya yin wannan aikin, kuma ki kwanta ta gefen hagu. Ki rage maiƙo da yaji, da goro da shayi mai kauri da yamma. Lemon kwalba da zoɓon da zafin Sakkwato ke sa a yini ana kurɓa su ma tsami ne a kan tsami. Jiƙon kanwa kan kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma ba ya gyara tsokar, ga gishirinsa bai dace da mai hawan jini ba. Magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac ma suna tsananta ƙwannafin.

Ki ga likitan haƙori, akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don ya tabbatar ba ruɓewa ko janyewar dasashi ba ne, ya kuma rufe inda ya zaizaye. In ƙwannafin ya kai sau 2 a mako, ki ga likitan ciki, yana iya rubuta miki omeprazole, maganin rage tsamin tumbi, wanda ake sha minti 30 kafin karin kumallo. Amma in abinci na maƙalewa, ko kina rama, ko kin ga baƙin bayan gida ko jini a amai, ki tafi asibiti a ranar.