Hukuncin kaka ya fita da jikokinsa yawon buɗe ido bayan mahaifinsu ya hana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dattijo ne mazaunin Jos, na yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma Allah ya azurta ni da jikoki ta wajen ɗana da ta wajen 'yata. Idan an yi hutun makaranta nakan kwashe su mu je gandun namun daji ko mu hau gefen duwatsun Shere, a gida kuma suna taya ni aikin lambu da gyaran akurkin kaji, har na gina ramin kiwon tarwaɗa a bayan gida. A dogon hutun bana na yi niyyar kai su magangarar ruwan Assop, sai ɗana ya ce bai yarda nasa 'ya'yan su je ba, ya ƙara da cewa ba za su sake kwana a gidana ba sai na rufe ramin kifin. Abin ya yi mini zafi, domin ni na haife shi, ni na rene shi. Shin shari'a ta ba shi ikon hana ni jikokina? Idan na tafi da su ba da saninsa ba, ina da laifi? Kuma za mu iya yin kasaru a irin wannan fita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Baba, jan jikoki a jiki da fita da su da koya musu aikin hannu halal ne, kuma idan niyya ta gyaru akwai lada a ciki. Sai dai yanke shawarar inda yaro zai je da inda zai kwana haƙƙin mahaifinsa ne matuƙar yana raye da hankalinsa. Saboda haka bai halatta ka tafi da su a ɓoye bayan ya hana ba, kuma maganar da ya yi a kan ramin kifi gaskiya ce, wajibi ne ka karɓe ta ko da daga bakin wanda ka haifa ta fito.

Allah ya ambaci jikoki cikin ni'imominsa a Suratun Nahl, aya ta 72, inda ya ce ya sanya mana 'ya'ya da jikoki daga matanmu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ƙatada cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi salla yana ɗauke da Umama, 'yar 'yarsa Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Nasa'i kuma ya ruwaito cewa ya taɓa tsawaita sujada har sahabbai suka yi zaton wani abu ya faru, alhali jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba. Ita kanta fita daji don shan iska tana da asali, domin Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha cewa yakan fita zuwa magangarun ruwa da ke bayan gari. Aikin gida ma haka ne, ta ce ya kasance yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Yaron da ya tashi ya san yadda ake dasa kabeji da yadda ake ɗaure ragar akurki ya samu abin da allon waya ba zai ba shi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a raina wannan tarbiyya ba.

Inda ka zame shi ne a ɗaukar cewa haihuwar uba tana ba ka iko a kan 'ya'yansa sama da nasa. Malamai sun saɓa game da matsayin kaka idan uba ba ya nan: Shafi'iyya suna tsayar da shi a matsayin uba, mu kuwa a mazhabar Imamu Malik walicin yaro yana komawa ga wasiyyin da uba ya naɗa, sannan alƙali. Amma dukansu sun haɗu a kan cewa idan uba yana nan, kuma shiryayye ne, babu mai shiga gabansa. Annabi ya ce dukanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, namiji makiyayi ne a cikin iyalinsa. Ɗanka ne za a tambaya game da waɗannan yara ranar alƙiyama, kuma wanda aka ɗora wa tambaya shi aka ba ikon cewa e ko a'a. Hadisin da dattawa kan kafa hujja da shi, wato "kai da dukiyarka na mahaifinka ne", yana magana ne a kan haƙƙin uba a dukiyar ɗansa idan yana da buƙata, kuma 'ya'ya ba dukiya ba ne.

Fitar da kuka yi a baya babu laifi a cikinta, domin a al'adarmu shirun uba yana kallo ana saka yaransa a motar kakansu izini ne. Amma ƙa'idar fikihu ita ce ba a dogara da izinin da aka fahimta daga hali idan magana ƙarara ta zo da saɓaninsa. Wannan hukunci ya shafi 'ya'yan 'yarka ma: yardar mahaifiyarsu kaɗai ba ta isa ba idan surukinka ya hana, ko da yake kunya kan hana suruki faɗin abin da ke ransa, don haka ya kamata 'yarka ta tambaye shi a keɓe.

Sannan tsoron da ɗanka yake yi ba na banza ba ne. Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, a watannin Yuli da Agusta, lokacin da ruwan Jos ya fi ƙarfi. Dutse yana yin santsi da gansakuka, kuma ruwan magangara yana iya ƙaruwa farat ɗaya saboda ruwan saman da aka yi a can tudu alhali inda kuke tsaye rana ake yi. Kafin a isa Assop sai an bi gangaren Hawan Kibo, wanda duk direba ya san halinsa. Duwatsun Shere, da ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829, su ma hazo da tsawa kan rufe su cikin ɗan lokaci, ga tsoffin tafkunan haƙar kuza da ke warwatse a kewayen Rayfield da Bukuru, masu zurfi da sanyi, waɗanda daga baki ba a gane zurfinsu. Dattijo ɗaya da yara da yawa a irin waɗannan wurare, idan ɗaya ya zame dattijon ya bi shi, wa zai riƙe sauran? Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka, kuma jefa wanda aka ba ka amanarsa ya fi muni. Fakihai sun yi bayani cewa wanda ya ɗauki yaro ba da izinin waliyyinsa ba ya kai shi wurin haɗari, yaron ya halaka, ana ɗora masa lamuni, wato nauyin biyan diyya, wanda kuwa ya fita da izini kuma bai yi sakaci ba amintacce ne, babu komai a kansa.

Game da ramin kifi, gina shi a cikin gidanka halal ne. Hadisi ya inganta cewa abin da rijiya ta halaka babu diyya a kansa, kuma Imamu Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa lamuni yana hawa kan wanda ya haƙa a inda bai halatta ya haƙa ba. Wannan magana ce ta hukuncin diyya a gaban alƙali, ba ta sauke maka nauyin kiyayewa ba. Kai ne kake gayyato ƙananan yara cikin gidan, kai ne kake nuna musu kifi suna leƙawa, kuma yaro mai rarrafe ko tatata yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarka ba, ba tare da an ji ko kukansa ba. Annabi ya ce babu cuta, babu cutarwa. Ba a ce ka rushe ramin ba. Ka kewaye shi da shingen da yaro ba zai iya haurawa ba, mai ƙofa da kwaɗo, ko ka sa mai walda ya yi masa murfin ragar ƙarfe da zai ɗauki nauyin mutum. Haka rijiya da durom ɗin ruwa, haka kuma maganin feshi da adda da zarto a kulle su. Wannan ma aikin gida ne da manyan jikokin za su iya taya ka, su miƙo bulo su riƙe awo, gwargwadon ƙarfinsu.

Shi kuma ɗanka, idan wannan amsa ta isa gare shi, ya sani cewa ikon da shari'a ta ba shi bai ba shi damar ɗaga maka murya ba. Suratul Isra'i, aya ta 23, ta hana ko da cewa "tir" ga iyaye. Yana da damar hana tafiya mai haɗari, amma idan an rufe ramin ba shi da damar ci gaba da tsare yaran, domin hakan yanke zumunci ne da saɓa wa mahaifi. Abin da nake ba ku shawara shi ne a ɗage zuwa Assop sai rani, shi ma ya bi ku ko ya haɗa ku da wani babba, a yanzu kuma ku wadatu da wurare irin gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 da gandun namun daji, ku dawo gida kafin magariba, domin Annabi ya yi umarni a tsare yara idan duhu ya fara shiga.

Kasaru kuwa ba ta halatta a waɗannan fitowa ba. Nisanta a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80 ko sama kaɗan, a zuwa kaɗai ban da dawowa. Shere tana gefen gari ne, Assop ma ba ta kai wannan nisa daga Jos ba. Sai ku cika salla raka'a huɗu, ku tafi da tabarma da buta da ruwan alwala, ka yi wa yaran limanci a inda lokaci ya same ku.

Wallahu a'alam.