Ku Tambaya Mu Amsa: Taron fasaha ga wanda hayaniya ke gajiyarwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina koyon rubuta manhaja. An ba ni gurbi a wani taron fasaha na kwana biyu a Yamai. Matsalata ita ce in na yi awa biyu cikin jama'a sai kaina ya yi nauyi, bakina ya mutu, har abokai na ce mini miskili. In je, ko in bar wa wani gurbin? — Sanusi, Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka je. Wasu cuɗanya na ƙara musu kuzari, wasu kuma tana zuƙe musu shi, kuma irinku suna da yawa cikin masu wannan sana'a. Sai dai ka riƙa lissafin ƙarfinka kamar guzuri, ka san inda za ka kashe shi.

Hanya ce ke fara cinye shi. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, kusan wuni guda cikin kar. Wanda ya sauka da dare ya shiga zaure da safe, ya riga ya ƙone rabin guzurinsa. Ka isa da kwana guda a gaba. In gidan dangi za ka sauka, ka yi gaishe-gaishen da hirar a wannan ranar, ka kuma gaya musu sammako gare ka, don kada a raba dare ana tambayarka mutanen gida.

Ka nemi jadawalin taron tun kana nan. Ka zaɓi zama biyu ko uku a rana, sauran ka bar su. Ka kuma fitar da mutum uku kacal da kake son gani, ka duba aikinsu a LinkedIn (shafin ma'aikata) ko GitHub (inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu), ka rubuta wa kowanne tambaya ɗaya takamaimiya. "Ina son in koyi kwamfuta, ku taimaka mini" ba ta kai ka ko'ina. "Na yi manhajar lissafin bashi don 'yan kasuwa, amma tana tsayawa in babu intanet, yaya kuka magance wannan a taku?" ita ce ke sa mai aiki ya tsaya ya saurare ka.

Ranar taro ka riga mutane da rabin awa. Gaisawa da mutum biyar a zauren da bai cika ba ya fi sauƙi a kan kutsawa cikin ɗari uku da suka riga suka kasu gungu-gungu. Ka zauna a bakin layi kusa da ƙofa. Bayan kowane zama ka fita minti goma, ka sha ruwa, kada ka buɗe waya. Lokacin Azahar da La'asar hutu ne da babu mai tambayarka dalili, kuma wanda kuka yi sahu tare ya fi sauƙin yi wa magana wajen sa takalmi.

Wata dabara mai arha: ka tafi da wayar wuta mai bakin caji uku ko huɗu. Soket a irin waɗannan zauruka ba ya isa, don haka mutane da kansu za su zo su ce "don Allah in sa tawa", hira ta samu ba ka nema ba. Batirin ajiya mai 10,000 mAh kuwa kada ka ɗauka zai cika waya mai 5,000 sau biyu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiya wajen sauya ƙarfin wutar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen nuna aiki. Ɗaruruwan wayoyi na kan intanet guda, sai ta sarƙe daidai lokacin da ka buɗe manhajarka, kai kuma ka daskare. Ka ɗauki bidiyon minti ɗaya da rabi na manhajar tana aiki, ka ajiye cikin wayar.

In kun gama magana da mutum, ka buɗe alamar QR ta WhatsApp ɗinka ya ɗauka da wayarsa don ya samu lambarka, nan take ka rubuta sunansa da abin da kuka tattauna. Kafin kwana biyu ka aika saƙo a rubuce, layi huɗu: wane ne kai, inda kuka haɗu, abin da ya faɗa, abin da kake roƙo. Saƙon murya mai minti biyar ba kowa ke buɗewa ba. Walimar dare kuwa, in ƙarfi ya ƙare, ka yi sallama ka tafi masauki.

Tambaya: Malam, an ce in gabatar da aikina cikin minti biyar, ni kuwa muryata rawa take a gaban mutane. Ga Faransancina ba ya gudu. — Nafisa, Zariya, Maraɗi

Amsa: 'Yar'uwa, minti biyar bai wuce kalma 600 ba, in ma da hali ki tsaya a 500. Allo biyar, wato shafukan da za ki haska wa jama'a, ya isa: matsalar, wa take damu, abin da kika gina, yadda yake aiki, abin da kike nema. Jimla biyun farko kawai za ki haddace, don a farkon nan ne murya ke rawa, daga baya takan zauna. Ki gwada sau biyar da agogo, a tsaye, da murya sama, ki naɗa a waya ki saurara. Ki mayar da allunan PDF, ki sa a USB, ki kuma aika wa masu taron tun jajibiri, saboda rubutu kan wargaje in an buɗe a wata kwamfutar. Makirfo ya zauna kamar yatsa uku daga baki. Batun harshe, ki tambayi masu shiri tun wuri ko za ki iya sa allunan da Faransanci ki yi bayani da Hausa, tunda masu jin ta suna da yawa a Yamai. In aka yi tambayar da ba ki da amsarta, ki ce za ki bincika, ki karɓi lambar mai tambayar.

Tambaya: Bin taro ta intanet daga gida bai wadatar ba? — Wani mai gyaran waya, Sabon Gari

Amsa: Don jin lacca ya wadatar, har ya fi, tunda kana iya tsayarwa ka maimaita. Amma in aiki ko abokin sana'a kake nema, ka fara da ƙaramin taro na mutum ashirin ko talatin a nan gida kafin ka sayi tikitin Yamai.