Tsofaffin fayafayan garmaho: in ci bashi in sayi manhajar gyaran sauti?

Tambaya: Malam, ina da shagon tura waƙoƙi a waya a Kano. Mutane sun fara kawo mini fayafayan garmaho na iyayensu in juye musu a memori. An ce akwai manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke gano ƙaraf-ƙaraf ɗin faifai ta goge da kanta. In ci bashi in saya?

Amsa: Alhaji, sana'ar tana da kyau, amma kada ka ci bashi tukuna.

Irin wannan manhaja, kamar iZotope RX, an horar da ita ne da ɗimbin sautuka har ta iya bambance waƙa da lahani: ƙas ɗin da karce ke haifarwa, tartsatsin ƙura, da shuuu ɗin faifan da ya sha allura. Tana rage wahala ƙwarai. Sai dai ƙas na karce da bugun makaɗin kalangu duk sauti ne gajere mai kaifi, kuma in ka matsa mata da yawa, sai ta aske bugun tare da karcen. Dattijon da ya kawo faifan zai ji kiɗan ya mutu, ko da bai san dalili ba, kuma ba zai dawo ba. Don haka bar ta ta nuna maka wuraren, kunnenka ya yanke hukunci.

Kuɗin farko ka sa su a garmaho mai lafiya, allura sabuwa, da wanke faifai, domin yawancin tartsatsin datti ne a cikin zaren faifan. Kula da kyau: faifai mai juyi 78 a minti ba roba ba ne kamar mai 33 ko 45. Allurarsa ta fi kauri, kuma sifirit yana narkar da shi. Ka ɓata na mutum guda, ka ɓata abin da ba a sake bugawa.

Fara da manhajar Audacity, kyauta ce kuma tana cire ƙas. Ka yi farashi biyu: juyewa kawai, da juyewa haɗe da gyara, kowane gefen faifai da kuɗinsa. Ajiye asalin ɗaukar a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, ba tare da ka taɓa shi ba. In masu biyan kuɗin gyara suka yi yawa har aiki ya fi ƙarfin hannunka, sai ribarsu ta sayi manhajar.

Batun haƙƙi kuwa, faifan na mai shi ne, waƙar ba tasa ba ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare ɗaukar sauti shekara 50, waƙar kanta kuma shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Kafin ka sayar wa wasu kwafi, nemi izinin magada ko kamfanin da ya buga.