Ganyen da ya tsiro a kan takin gida: cin akuya ba shaida ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ramin taki a bayan ɗakin girki, inda nake zuba ɓawon kayan miya, sharar tsakar gida da kashin awakinmu. Da damina ta kankama sai ganyayyaki suka rufe wurin. Na gane alayyaho, akwai kuma wani mai kama da tafasa amma ganyensa ya fi tsini, da wani mai faffaɗan ganye mai wari. Surukata ta ce duk abin da akuya ta ci mutum ma zai ci, in dai an dafa shi da kanwa an zubar da ruwan. Jiya na kama ɗana mai shekara 4 yana ɓare 'ya'yan mai kama da tafasar yana sawa a baki. Har yanzu lafiyarsa ƙalau, amma ni ban yi barci ba. Sannan ganyen miya, ko na tsinka ko na saya, kwana 2 ya yi yawa ya ruɓe, ga shi ba mu da firji. A taimaka mini. Wata uwa daga Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Maganar yaro ce farko. Yau ɗin nan ki karyo reshen wannan tsiro da ganyensa da kwansonsa, ki sa a leda, ki kai yaron asibiti tare da shi, ki gaya wa likita lokacin da ya ci da kimanin yawan da ya ci. Siffar da kika bayar ta rai-ɗore ce, kuma gubar 'ya'yansa hanta take taɓawa, ba lalle ta nuna a ranar farko ba. Ƙwaya ɗaya ko biyu ba kasafai suke kai wa ga matsala ba, haɗarin yana ga ƙaramin yaron da ya ci da yawa, musamman da yunwa a cikinsa. Amma ba a gida ake yanke wannan hukunci ba. Idan kika ga amai, kasala, barci mai nauyi da rana tsaka, sambatu, fizge-fizge, ko fitsari ya yi duhu, ko da tsakar dare ne a tafi. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada a zura masa yatsa a maƙogwaro, kada kuma a ba shi farasitamol sai da izinin likita, domin shi ma ta hanta yake bi.

Ga yadda za ki raba su. Tafasa tana da ƙananan ganye guda 6 a kowane sili, biyu-biyu har sau uku, bakinsu a zagaye, sun fi faɗi ta can ƙarshe, kwansonta siriri ne dogo mai lanƙwasa. Rai-ɗore, wanda a Nijar ake ce wa sanga-sanga, yana da biyu-biyu sau 4 zuwa 5 ko fiye, bakin ganyen da tsini, idan kika murza shi wari yake yi, kwansonsa kuma a baje yake. Furensu duka rawaya ne, don haka fure ba ya raba gardama. A yankin Saharanpur na Indiya an yi shekaru yara ƙanana suna mutuwa a ƙarshen damina, ana ɗauka cutar ƙwaƙwalwa ce ta annoba, sai daga baya likitoci suka gano 'ya'yan wannan tsiro ne yaran suke ci a bayan gidaje. Mai faffaɗan ganyen nan mai wari kuwa, ki duba ko yana fitar da dogon fure fari ko shuɗi-shuɗi mai siffar kakaki, da 'ya'ya ƙwallo-ƙwallo masu ƙaya. In haka ne zaƙami ne, kuma babu inda yake so kamar juji mai kashin dabbobi. Yana ƙarami yana shiga tsakanin alayyaho, mai tsinka da sauri ta haɗo shi cikin damƙa ɗaya ba ta sani ba.

Yanzu zancen akuya. Da dukkan girmamawa ga Mama, wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana cikin maganganun da suka fi yawo a gidajenmu da kasuwanninmu, har da bakin mutanen da suka yi karatu. Cikin akuya ba irin namu ba ne. Tana da tumbi mai ɗaki huɗu, babban ɗakin cike yake da ƙananan halittun da ke narka ganye tun kafin ya kai ga jini, wasu gubobin a nan ake karya su. Mu cikinmu ɗaki ɗaya ne, daga nan abin da muka haɗiye sai ya wuce hanji. Sannan akuya ba ta zama ta cinye kwano guda na ganye ɗaya. Ta ɗan tsinka nan, ta matsa ta tsinka can, abin da ya shiga cikinta na kowane tsiro kaɗan ne. Ke kuwa tukunya guda za ki dafa, ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ki zuba wa yaron da nauyinsa bai wuce kilo 15 ba. Tsuntsu yana cin barkono ba ya jin yaji ko kaɗan, saboda jijiyoyin bakinsa ba sa amsa sinadarin. Wasu zomaye suna da abin da ke karya irin gubar zaƙami a cikin jininsu, su ci su kwana lafiya. Kowace halitta da nata jikin. Akuyar da ake kafa hujja da ita ma, ita ce dai ke cin leda da kwali a bola, kuma ita ma tana mutuwa. Kowane makiyayi ya san abin da gyauron dawa ke yi wa dabba, likitocin dabbobi kuma sun san shanu da kaji na mutuwa idan 'ya'yan rai-ɗore suka yi yawa a abincinsu. Wanda ya ga akuya ta ci da safe bai bi ta ya ga yadda ta kwana ba.

Kanwa ma an ɗora mata nauyin da ba nata ba. Aikinta ta tausasa ganye, ta kashe tsamin yakuwa ko rama, ta riƙe korensa. Ba ta kashe guba. Gubar zaƙami ba ta jin wuta: a 2019 a yankin Karamoja na Uganda garin abincin agaji ya gaurayu da 'ya'yan zaƙami, mutane suka dama kunu da shi, kusan 300 suka kwanta, 5 suka rasu, alhali kunun dafaffe ne. Alamominta ba sa ɓuya: ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe ƙamas, jiki ya yi zafi babu gumi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum ya riƙa surutai yana kama abin da babu. A gidaje da yawa sai a ce iska ce, a tsaya turare da tofi har lokacin asibiti ya wuce. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne masu lasifika a bakin kasuwa da masu bidiyo a TikTok da WhatsApp, da ke cewa duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Su ne ke sa mata su dafa rai-ɗore tukunya guda wai maganin taifot, a bai wa yaro kofi-kofi babu awo, babu gwajin jini. Tumfafiya daga ƙasa ta fito, ruwanta kuma yana ƙona ido. Bini-da-zugu da muke shinge da shi daga ƙasa ya fito, 'ya'yansa suna da garɗi irin na gyaɗa, shi ya sa yara ke cinsu, cikin 'yan sa'o'i amai da gudawa su kama su. Zurma da idon zakara sun fi shi muni idan aka tauna. Ba wanda ke tambayar waɗannan mutane lasisi, ba wanda ke bin sawun yaran da suka sha abin da suka sayar, kuma idan hanta ta lalace ba za ki same su a inda kika bar su ba. Ran yaro amana ne a hannun iyaye, ba a gwaji da shi don wani ya rantse a lasifika.

Ba cewa nake a bar cin ganyen daji ba. Tafasa, yaɗiya, gasaya, lalo, karkashi, dinkin, abinci ne na gaske, sun riƙe gidaje da yawa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A Sudan da Chadi har ruɓar da ganyen tafasa suke yi ya zama kayan miya da suke kira kawal. Amma kakanninmu ba daga akuya suka koya ba. Sun san kowane ganye da sunansa, da lokacin tsinkarsa, da yadda ake sarrafa shi. Hanza a Nijar sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu, rogo mai ɗaci ma sai an ɓare an jiƙa kwana 3 zuwa 5. Ƙa'idar ke nan: ganyen da ba ki san sunansa ba, kuma babu wata babba da ta saba cinsa da za ta riƙe shi a hannu ta tabbatar miki, ba ya shiga tukunya. Tafasar gaske ma ɗanyen toho ake tsinka, a dafa a zubar da ruwan farko, 'ya'yanta kuma ba na ci ba ne.

Tsirowar waɗannan abubuwa ta nuna takinki bai yi zafi ba. Iri yana shigowa ta kashin awaki da shara, kuma ba ya mutuwa sai zafin tulin ya kai digiri 55 zuwa 60 na kwanaki. Da damina rami yana tara ruwa, iska ba ta shiga, sai ya yi wari maimakon zafi. Ki fito da shi sama, ki tula shi mita 1 a tsawo da faɗi da bisa. Kwando 3 na busassun abubuwa, wato yankakken kara, busasshen ganye, ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, a kan kwando 1 na ɗanye, wato ɓawon kayan miya da kashin awaki. Danshinsa ya zama idan kin matse a hannu ya dunƙule amma ruwa bai zubo ba. Ki rufe da tsohon buhu, ki juya shi duk kwana 7 zuwa 10, na gefe ya koma tsakiya. Ki soka ƙarfe a tsakiya ki bar shi minti 10, in kin zaro kin kasa riƙe shi da kyau, aiki na tafiya. Wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi da ƙanshin ƙasa. Toka ɗan barbaɗe kawai, in ta yi yawa tana korar ƙarfin takin. Batir, kunzugun yara da kashin kare ko kyanwa ba sa shiga. Shi ya sa alayyahon kan tulin ma ban so ki ci ba: ɗanyen kashi yana fantsama a kansa duk ruwan sama, kuma in akwai tsohon batir a sharar, dalma na iya kaiwa ga ganyen. Ki ɗebi irinsa ki shuka a fangali daban.

Ajiya kuwa, abin da ke ruɓar da ganye shi ne wanki da leda. Kada ki wanke sai za ki dafa. Ki cire wanda ya ƙuje ko ya yi rawaya, ki naɗe sauran a ƙyalle mai ɗan danshi, ki ajiye kusa da randa, nesa da tumatir da ayaba da mangwaro, domin iskar da suke fitarwa lokacin nuna tana tsufar da ganye. Tukunya-cikin-tukunya, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki sosai: babbar tukunyar ƙasa, ƙarama a ciki, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama, a ƙara ruwa safe da yamma. Sai dai da rani da hunturu ne take sanyi, a watan Agusta da iska ke cike da danshi kada ki sa rai da yawa. Abin da ya fi ƙarfin kwana 3 ki busar: ki tsoma a tafasasshen ruwa minti 2, ki tsane, ki baza siriri a faifai a inuwa mai iska, a ɗage daga ƙasa, har ya riƙa karyewa in an murza, sannan ki sa a kwalba mai murfi. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kuma fiya-fiya ba ta kusantar abin ci.

Idan kun dawo daga asibiti, ki sa leda a hannu ki tumɓuke rai-ɗoren da zaƙamin da saiwarsu kafin 'ya'yan su bushe su fashe. Kada ki mayar da su kan takin, kada ki zuba wa awaki, ki haƙa rami mai zurfi ki binne. Ki duba shingen gida da kangon maƙwabta inda yaran ke wasa, sannan ki kira Mama cikin ladabi ki nuna mata ganyen tafasa da na rai-ɗore a jere, ta ƙirga da kanta, domin ita ce ke tare da yaran idan kin fita.